Ni Na Auna Wa Baba Nomau Ruwa

Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa a bayan ɗakin sujada wai aikin mai bishara ai hutu ne: ka sa riga mai guga ran Lahadi, ka buɗe Littafi, ka yi magana, mata su yi guɗa, a kawo maka tuwo da miyar kaza. Ban tanka ba don ina riƙe da buta. Amma tunda makarantarku ta turo ku wurina ku ga yadda aikin yake a ƙauye, to ku matso. Kai mai wayar nan, kifa ta a cinya, ba za ta gudu ba. Ni Dauda na tsufa a aikin bishara tsakanin Rogo da Karaye, kuma in aka tara tsayuwar da na yi a bayan teburin wa'azi, ba ta kai rabin sunkuyon da na yi a gonakin mutane ba.

Ranar da aka kai ni koyon aiki wurin Malam Tanko, tsohon mai bisharar da ya horar da ni, na je da farar riga da alƙalami a aljihu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ɗaki ya fito da fartanya ya miƙa mini. Ya ce, "Ga wa'azinka na farko. Manomi ba ya sauraron wanda bai ga guminsa ba." Daminar nan kaf ban hau gaban jama'a ba. Duk inda aka kira gayya muna can, shi a kunyarsa ni a tawa. Sai an zauna hutu a gindin ɗorawa, masu shan giya suna sha, mu muna shan kunu, sannan yake sako magana ɗaya tak, gajeriya, ya yi shiru. In na ce, "Malam, ai da ka ƙara," sai ya ce, "Kai ka taɓa zuba tiya guda ta iri a rami ɗaya?"

Kayan aikinmu ba su da yawa. Keke, da famfonsa da gam da tsohon tuf na faci, don ƙayar hanyar Rogo ba ta san bawan Allah ba. Tsohon ƙarfen tayar mota da ake ratayewa a bishiya a buga ya zama ƙararrawa. Fartanya. Littafi a jakar fata saboda ruwa da gara. Sai na ƙarshe, wanda duk cikinku babu mai shi: sandar gora wadda ta fi mutum tsawo.

Auna ruwa shi ne aikin sandar, kuma ba a koyar da shi a aji. Mai bishara ba ya tsoma kowa a ruwa ya yi masa baftisma, wannan na Rabaran ne, babban faston gunduma, shi kuwa sai an gama kaka yake zuwa ƙauye, lokacin da rafi ya ja baya. Jajiberin zuwansa kai za ka tuɓe riga ka shiga. Kana tafe kana caka sanda, kana saurare da hannunka. Yashi yakan karɓe ta ya riƙe ta cak. Laka takan haɗiye ta ta ƙi saki, nan ba a kai mutum. In ta zarce ba ta taɓa komai ba, rami ne, ja da baya. Ka lalubo ƙaya da fasassun kwalabe da tafin ƙafarka ka fitar, sannan ka kafa karan dawa hagu da dama, ya zama hanya tun daga gaɓa har inda ruwa ya kai ƙirji. Rafi kuma ba ya riƙe alkawari, inda ka sami yashi bara, bana laka ne. Daga nan ka wuce rugar Fulanin da ke shayar da shanu a wurin, ka gai da Ardo gaisuwa mai kyau, ka tambayi iyali da shanu da ciyawa, sannan ka roƙi a karkata da garke zuwa mashayar ƙasa har a tashi taro. Ban taɓa roƙa an hana ni ba. Musulmi ne, hanyarmu daban, amma sun san darajar ranar mutum.

Ladan wannan wahala guda ɗaya ne, kuma ba ya shiga aljihu. A wajenmu, wanda ya kawo mutum ga bangaskiya shi ke riƙe hannunsa daga gaɓa, ya bi da shi tsakanin karan nan har ya danƙa shi ga Rabaran. Riƙon hannu muke ce masa. Kowa yana gani, kowa ya san wane ne ya yi noman. Malam Tanko, da ya tsufa idonsa ya tafi, ba ya tuna wa'azinsa ko ɗaya, amma yana iya faɗa maka hannuwan da ya riƙe, da mai kaushi da mai rawa.

To akwai hannu ɗaya da na sa wa rai tun ina saurayi. Da na gama koyo aka tura ni wasu gidaje a gefen Jajaye, mutanen da ke bin al'adar kakanni kamar yadda mahaifina ya bi. Babban cikinsu Baba Nomau ne, Sarkin Noma, mutum kamar kuka, rumbunansa sun fi ɗakunan kwanansa yawa. Bai taɓa kora ta ba. Shi ya ba ni filin da na kafa rumfar sujada, ya bar matan gidansa da yara suna zuwa. Amma magidanta maza cewa suka yi sai abin da Baba ya yi. Na gane da wuri cewa garin nan ƙofa ɗaya gare shi, kuma tsohon nan ne zaune a bakinta.

Gayyarsa ta farko da na je, ya sa aka ba ni kunya kusa da tasa don ya ga iyakata. Ya gan ta kuwa. Kafin in kai tsakiya ya kai ƙarshe ya juyo. Da aka zauna hutu na sako maganata guda ɗaya yadda aka koya mini. Ya goge baki da bayan hannu ya ce, "Mai keke," don bai taɓa kira na da wani suna ba, "hanyar nan taka, shekarunta nawa?"

Na ce, "Baba, ba ta ƙirguwa."

Ya ce, "A'a. Ni na ga ranar da ta shigo ƙasar nan. A kan keke ta zo tana buga ƙararrawa, lokacin ina da 'ya'ya har sun isa kiwo. Ashe ƙanwata ce. A gidanmu kuwa babba ba ya bin ƙarami."

Na gyara zama na ce, "Baba, labarin ne ya zo a kan keke. Ceton kansa tun ba a yi sama da ƙasa ba Allah ya shirya shi. Ba wai mutum ya faɗi ne abin ya zo wa Allah ba zata, ya fara neman dabara ba. Ya san mu tun ba mu, ya kuma tanadi Almasihu dominmu tun fil azal."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kowane mai talla cewa yake nasa ne na asali. Tashi kama kunyarka, an bar ka a baya."

Haka muka yi ta yi, damina bayan damina. Na yi masa noman firi, na yi masa maimai, na yi masa cirar gyaɗa har fatar hannuna ta saɓule. Da matarsa ta rasu ni na fara isa gidan. Da ɗansa ya kwanta ciwo, a keken nan da yake yi wa dariya na goya shi zuwa asibitin Rogo. Ya gode mini godiya ta mutunci, ya aiko mini da zakara, amma da na buɗe baki sai ya ce, "Ƙanwar tawa tana lafiya?"

Sai shekarar nan da ba ma son tunawa. Ruwa ya sauka da wuri, muka shuka, ya ɗauke, shuka ta ƙone. Ya dawo, muka sake, ya sake ɗaukewa. Abin da aka girbe bai kai a kira shi kaka ba. Kafin bazara an koma tafasa da rama da dusa. Ni da Ladi, uwargidana, muka duba ɗan gero da ya rage na iri, muka duba yaranmu, muka daka shi. Gidaje da yawa haka suka yi. Gidan Baba Nomau ma ganye ake ci, jikokinsa sun rame kamar na kowa, alhali kowa ya san akwai damin iri rataye a cikin babban rumbunsa, an barbaɗe shi da toka saboda ƙwari. Surukansa mata suka yi kuka, suka turo dattawa. Ya kwantar da tabarmarsa a gindin rumbun, ya ce wanda zai taɓa damin nan sai ya tsallake shi.

Da ruwan shuka ya sauka shekarar da ta biyo baya, ina tsaye a gonata da sungumi babu abin jefawa a rami. Sai ga aike, Sarkin Noma yana kira. Na tarar ya sauko da damin, maza sun yi layi, yana raba wa kowa zangarniya. Da aka zo kaina ya cika mini hannu, sannan ya riƙe wuyan hannuna ya yi mini faɗa a gaban jama'a. Ya ce, "Mai keke, kai da kake koya wa mutane, ba ka san ba a fafe gora ranar tafiya ba? Iri ba ranar da yunwa ta zo ake neman sa ba. Tun kaka ake zaɓen zangarniyar da ta fi kyau a ware ta, kafin a kai loma ɗaya baki, tun ba a san za a yi yunwa ba. Ciki zai yi kuka, yara za su yi kuka, ba a taɓa ta. Ta shiga ƙasa ta mutu, gida ya rayu."

Na ce, "Baba! Ai abin da nake gaya maka ke nan shekara da shekaru! Allah ma ya ware nasa irin tun ba a yi yunwar ba. Tun babu duniya, babu zunubi, ya zaɓi mafi kyawun abin da yake da shi, Ɗansa, ya ajiye. Da lokacin shuka ya yi ya ba da shi, ya shiga ƙasa ya mutu, ya tashi domin gida ya rayu. Kakanninka ba a manta da su aka yi shirin ba, shirin ya girme su."

A karo na farko bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon tokar da ke hannunsa. Can ya ce, "Je ka shuka, ƙasa tana shan iska."

Na shiga gida ina ce wa Ladi, "An gama! Bana zan riƙe hannun Sarkin Noma." Ta ce, "Allah ya sa." Kakar nan na auna ruwa na ware masa wuri na musamman. Bai zo ba. Ta gaba ma haka. Gwiwarsa ta dama ta fara ciwo, na koma nemo masa inda gangaren yake da sauƙi, yashi mai tauri, babu santsi. Kowace shekara, bayan na kafa karan kowa, sai in ƙara laluben hanyar tsoho mai ciwon gwiwa, in je in ce, "Baba, ruwa ya yi kyau bana." Ya ce, "Madalla, shanu za su ji daɗi." Gemuna ya yi fari a kan wannan amsa.

Rana ɗaya majalisar gundumar cocinmu ta ce an yi mini canji zuwa nan gefen Tudun Kaya. Na je na roƙa. Na ce dutse nake dafawa, ya kusa nuna, a bar ni in sha romon. Suka ce aikin na Ubangiji ne, ba na Dauda ba. Na san haka, ni ma ina koya wa mutane haka, amma faɗa da baki daban, ɗaure kaya a kan keke daban.

Wanda aka tura a madadina shi ne Malam Filibus. Lokacin da na fara taka Jajaye ba a haife shi ba. Ya zo da babur da lasifika mai aiki da hasken rana, in ya riƙe fartanya kuwa sai ka ce zai yi mata addu'a. Da ma yana da girman kai, da na sami abin kamawa. Ina! Yaro ne mai ladabi, in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa, "Baba Malam, ina wuni, ina gajiya, yaya Mama, yaya ƙarfin jiki." Abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Bai ci kaka biyu a can ba labari ya iso ni a kasuwar Karaye, a bakin wata mai sayar da daddawa: Sarkin Noma ya shiga ajin baftisma, magidanta sun bi bayansa. Na ce, "Alhamdu lillahi," kamar yadda ya kamata. Na kama hanyar gida na manta da buhun da na je saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Kishi ne, kar ku tsaya neman wani suna. Na yi murna don tsohon, Allah shaida ne, amma murnar tana saman ruwa, kishin yana ƙasa kamar laka.

Bai tsaya nan ba. A taron gunduma aka ba Filibus wa'azi. Ina zaune a layin tsofaffi, sai na ji yaron nan ya fara zancen damin iri da toka da rumbu, da Allah wanda ya ware iri tun ba a yi yunwa ba. Maganata! Wadda na saya da yunwar 'ya'yana! Mata suka ɓarke da guɗa, Rabaran yana gyaɗa kai, wani tsoho kusa da ni ya dafa gwiwata ya ce, "Ka ji yaro mai baiwa." Filibus kuwa bai yi ƙarya ba, ya ce, "Ba ni na ƙago ba, wani dattijo ne ya koya mini, Baba Nomau." Wato tsohon ya riƙe maganar shekarun nan duka, ya tauna ta, ya mayar da ita tasa, ya ba wa baƙo. Da yamma aka kawo tuwo ya ƙi wuce mini. Ladi ta ce, "Malam, tuwon ne ya yi tauri ko wa'azin?"

Da aka sa ranar baftisma sai ga babur a ƙofar gidana. Filibus ya durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya ce, "Baba Malam, alfarma na zo nema. Rafin nan babu wanda ya san shi kamarka, ga Baba Nomau da gwiwa. Ka zo ka auna mana ruwa."

Na ce, "Wa zai riƙe hannunsa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba bai ce komai ba. Mutane dai suna cewa tunda ni na yi masa aji…" Bai ƙarasa ba.

Na ce bayana yana ciwo, zan duba. Da ya tafi Ladi ta shiga ɗaki ta fito da sandar gora ta jingina ta a gabana. Ta ce, "In tsohon nan ya zame a laka, Filibus ne zai karye ko shi?" Matar nan, tun da na aure ta ba ta taɓa bari na ji daɗin fushi ba.

Na je. Rafin ya canza kwanciya, tsohon wurina duk ya zama taɓo. Na yi ta caka har na sami wani harshen yashi a sama da mashaya, mai gangare a hankali kamar an yi shi don gwiwa ɗaya. Na fitar da ƙaya, na kafa kara, na je ruga na gai da Ardo, ɗan wancan Ardon na da, ya ce, "Malam, ashe kana nan? Gobe ranarka ce." Na ce, "Haka ake fata." Da la'asar na shiga gai da Baba Nomau. Ya tsufa ƙwarai, kukar ta ranƙwafa. Bayan mun gaisa na kasa haƙuri na ce, "Baba, me yaron nan ya gaya maka da ban gaya maka ba?"

Ya ce, "Babu. Bai ma iya faɗa kamar kai ba."

"To me ya sa sai yanzu?"

Ya ce, "Mai keke, ruwan ya yi kyau bana?"

Na ce ya yi. Ya ce, "To madalla." Bai ambaci shanu ba.

Da hantsi gaɓar rafi ta cika. Mata suna kiɗan tulu suna waƙa, maƙwabtanmu Musulmi sun tsaya daga nesa a inuwa, don Sarkin Noma na kowa ne. Rabaran ya shiga ya tsaya a ƙarshen karan da na kafa. Aka ce babba shi ne farko. Baba Nomau ya tako a hankali da farar riga da takalmansa na tayar mota, magidantan garin a jere a bayansa, kowa yana jiran ya shiga su bi. Filibus ya matso ta dama ya miƙa hannu. Ni ban san lokacin da ƙafata ta kai ni hagunsa ba, sanda a hannu ɗaya, ɗayan a miƙe. Kiɗa ya tsaya.

Tsohon ya dubi hannun dama, ya dubi na hagu. Na ji bakina yana cewa, da ƙarfi kuma, "Baba, ni na kawo ka. Kai ma ka sani. Ni na yi noman nan."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya ce, "Mai keke, maimaita, kunnena ya yi nauyi. Kai ka kawo ni?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Kai ka gaya mini a gindin rumbuna cewa an ware irin tun ba a yi duniya ba. Maganar nan ta hana ni barci shekaru. Ita ta kawo ni bakin ruwan nan, don na yarda hanyar ta girme ni, ta girmi kakana. To kana ina lokacin da aka ware shi? In kai ka kawo ni, ashe hanyar sa'ar kekenka ce, maganata ta farko ita ce gaskiya. Faɗa mini yanzu a gaban jama'a. In kai ne, in juya gida, ban iya bin ƙanwata da tsufana."

Ku da kuke cewa aikin nan hutu ne, ku tsaya a wurin nan ku gani. Tsohon ba wasa yake ba, na san fuskarsa ta wasa. Bayansa magidanta sun zuba mini ido, in ya juya duk za su juya. Rabaran yana cikin ruwa yana rawar sanyi. Abin da na yi wa bauta tun ina da baƙin gemu yana nan tazarar taki ɗaya, kuma kalma ɗaya ce za ta ba ni shi ta raba ni da shi gaba ɗaya.

Na ce, "Ba ni ba ne, Baba."

Ya nuna Filibus da haɓa. "Shi ne?"

Wannan kam ba ta yi mini wuya ba. Na ce, "Ba shi ba ne."

"To wa?"

"Wanda ya ware irin."

"Yaushe?"

Na ce, "Tun babu kai, babu ni, babu rafin nan."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ku janye hannuwanku. Ba ni sandar." Ya zare ta daga hannuna, ya dafa ta ya tuɓe takalmansa, ya tura mini su da ƙafa. "Riƙe mini waɗannan."

Shi kaɗai ya shiga, yana dogara sandata, yana bin tsakanin karan, gwiwar tana rawa amma yashin bai ci amanarsa ba. Babu wanda ya riƙe hannun Sarkin Noma. Magidanta suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, Filibus yana ta kai da kawowa yana riƙon hannuwa har ya gaji, hannuwan mutanen da na yi gayya da iyayensu. Har gobe in kun je Jajaye za ku ji ana cewa a zamanin Malam Filibus garin ya tuba. Gaskiya ne kuma, a zamaninsa ne. Na san shirin ya girme ni, na yarda da haka fiye da duk wanda ke zaune a nan, don ni a bainar jama'a aka sa na faɗa. Amma duk ranar da na ji wannan magana sai wani abu ya soke ni a nan, ƙarƙashin haƙarƙari. Na kai wa Ubangiji ƙara, bai cire ba tukuna.

Da Rabaran ya ɗago shi daga ruwa, guɗa ta tashi har Fulanin da ke tsallake suka ɗaga sanduna. Ya fito a hankali, ruwa yana zuba daga gemunsa, ya tsaya a gaɓa yana haki, ya duba ƙasa ya ce, "Mai keke, ina takalmana? Ƙasa da zafi."

Na durƙusa a gabansa. Na share yashin tafin ƙafarsa da gefen rigata, ƙafar nan mai faso da na bi bayanta a kunya rabin rayuwata ban taɓa cim mata ba. Na sa masa na dama. Filibus, yaron kirki, ya durƙusa kusa da ni ya miƙo hannu zai taya ni da na hagun.

Na buge hannun. Na ce, "Kai, bari. Wannan kam nawa ne."